Ina ake kai masu agana a Landan zamanin Sarauniya Biktoriya?

Malam, ka tambaya ko asibitocin lokacin suna karɓar masu cuta mai yaɗuwa. Da farko yawancin asibitocin gudunsu suke yi. Talaka sai dai gidan gajiyayyu, ko ya yi jinya a ɗaki guda da 'ya'yansa, duk ya shafa musu.

A 1867 aka kafa hukumar Metropolitan Asylums Board, ta gina asibitocin zazzaɓi da na agana. Mutanen unguwar Hampstead, inda aka gina ɗaya daga cikinsu, suka ce ba za ta saɓu ba, har kotu aka je. To wa zai so agana a maƙwabcinsa? Shi ya sa a shekarun 1880 aka ɗaure tsofaffin jiragen ruwa a Kogin Thames, can bayan gari, aka jera gadaje a ciki, ana kai majinyata ta ruwa.