Jan yauƙin da ya ƙi barin tankin murjani

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka sau biyu, don kamar labarina kake bayarwa. Ka ce tankinka na ruwan gishiri lita 300 ne, wata takwas da kafawa, jan yauƙi ya shimfiɗe a kan yashi har ya fara hawa murjani, halittun tekun nan masu kama da tsiro da kake kiwo a ciki. Ka zuba magani sau uku, kowane karo sai ya ɓace, bayan mako biyu ko uku ya dawo kamar an aiko shi. Ga shi kuma awo yana nuna maka naitiret sifili, fosfet sifili, wato sinadaran da kashin kifi da ragowar abinci ke bari a ruwa. Shi ne kake neman a gaya maka maganin da ya fi ƙarfi.

Ni dai shawarata, ajiye kwalbar maganin nan tukuna. Na yi kusan shekara ina wannan kokawa da tankina mai lita 400, kuma ba kwalba ce ta raba mu ba.

Masu tanki da yawa suna ce wa jan yauƙin nan gansakuka, alhali ba ita ba ce. Sayanobakteriya ne, wato bakteriya mai haɗa abincinta da haske kamar tsiro, mu dai sayano muke ce masa a taƙaice. Danginsa ne suka fara cika duniya da iskar oksijin kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce. Abin da ya yi wannan daɗewa ba cokali ɗaya na gari ne zai kore shi ba. Yana nan a kowane tanki, har wanda ka gani tas kamar madubi. Bambancin kawai, a wani tankin an matse shi bai da wurin miƙe ƙafa, a naka kuma ya samu fili.

Kafin komai, ka tabbata shi ne. Nawa da safe yashi yakan wayi gari kusan fari, sai in ce alhamdu lillahi an rabu. Kafin la'asar ya koma ja wur kamar an shimfiɗa karammiski, da 'yan ƙananan kumfa maƙale a jikinsa, iskar da yake fitarwa ce. In na hura masa ruwa sai ya ɗago falle guda kamar saɓar maciji, in na ciro shi kuma yana warin laka. In naka haka yake, sayano ne. Amma in launinsa ruwan ƙasa ne, yana ja kamar majina, da zare-zare masu kumfa a kai, katantanwa kuma suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, to ka yi zargin wata ƙaramar halitta daban, dainofilajilet, wanda muke kira daino. Ɗebi kaɗan da ruwan tanki a kwalba, girgiza sosai, tace da takardar goge hannu, ka ajiye ruwan a haske. In bayan awa ɗaya ko biyu ka ga ya sake haɗuwa ya yi curi-curi, daino ne. Mai madubin ƙara girma ya huta: sayano zaruruwa ne siraru masu silalewa a hankali, daino kuwa ƙwayoyi ne ɗai-ɗai masu yawo ko juyi. Na tsaya a nan ne saboda tankin da awonsa ke sifili, in ka kashe sayano da magani, sau da yawa daino ne ke gaje wurin, shi kuwa ya fi wuyar sha'ani nesa ba kusa ba.

Sai batun sifilin nan, wanda shi ya yaudare ni wata da watanni. Kayan awo abin da ya rage yana yawo a ruwa suke aunawa, ba abin da ke kwance a cikin yashi ba. Sayano kuwa a bakin rijiya ya kafa bukka. Yana kwance kan yashi, duk abin da ya ruɓe a ƙasa ya taso, shi ke fara shanyewa kafin ya kai ga ruwan da kake ɗiba. Ƙari a kan haka, dutse da yashin murjani suna riƙe fosfet a jikinsu, suna sakinsa a hankali idan na ruwa ya yi ƙasa. Wasu nau'o'in sayano ma suna iya ɗaukar naitirojin kai tsaye daga iskar da ta narke a ruwa, abin da gansakuka da murjani ba sa iyawa. To ka ga in ka tsame ruwa ƙarƙaf, wa ka sa wa yunwa? Murjaninka da sauran ƙananan halittun da ya kamata su yi gogayya da shi. Shi ko a jikinsa.

Ni kuwa haka na yi. Da na ga ja, na rage wa kifi abinci har suna bina da ido. Na ƙara garin ƙarfen nan mai tsotse fosfet, GFO. Na kuma fara ɗiga ruwan khal kullum don a rage naitiret, ban tsaya na yi tunanin cewa wannan dabara bakteriya take ciyarwa ba, shi kuma abokin gabar tawa bakteriya ne. Murjani suka koɗe, wasu suka daina buɗewa, jan kuwa ya ƙara kauri. Kai ma in kana zuba irin waɗannan, ko sinadarin amino na ciyar da murjani, dakatar da su har ƙura ta lafa.

Ranar da idona ya buɗe, wani ɗan murjani ne ya faɗa bayan dutse, na sa hannu zan ɗauko shi. Ina motsa dutsen sai wani baƙin hazo ya tashi, har ban iya ganin bayan tankin. Kashin kifi, ragowar abinci, ruɓaɓɓen tarkace na wata da watanni, duk sun taru a lungun da ruwa ba ya kaiwa. Da na duba da kyau, daidai gaban wannan lungu jan yake fara fitowa kowane karo. Ashe ina ta faɗa da hayaƙi, wutar tana bayan dutse.

Daga nan na koma aikin hannu, kuma shi ne kashi mafi girma na maganin. Kullum da yamma, lokacin da ya fi kauri, sai in sa siririn tiyo in zuƙe shi. Don kada in yi ta asarar ruwan gishiri, nakan sa ɗaya bakin tiyon cikin safar tace ruwa a ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashin babban, ruwa ya koma, yauƙi ya tsaya a safa, in cire ta nan take. Kada ka hura shi ka bar shi yana yawo, shuka shi kake yi a wani wurin. Sau biyu a mako ina hure duwatsu da babban sirinji, in bar matatar ruwa ta kama abin da ya tashi. Yashi kuma kashi ɗaya cikin huɗu nake tsotsewa a mako, ba duka a rana ɗaya ba. In naka mai zurfi ne, kamar santimita 10 ko fiye, sama-sama kawai za ka taɓa, don ƙasansa yana iya riƙe iska mai guba. Safar tacewa kada ta wuce kwana biyu ko uku ba a canza ba, in ba haka ba ita ma ta zama juji. Ka sa safar hannu, kuma kada ka ja tiyo da baki, wasu sayano suna da guba, wasu murjanin ma haka.

Na biyu shi ne gudun ruwa. An saba cewa famfunan kaɗa ruwa su juya ruwan tanki sau 20 zuwa 40 a awa, wato naka lita 6,000 zuwa sama. Amma ni na ga inda aka nufa da su ya fi adadin muhimmanci. Zuba ɗan abincin kifi mai laushi ka tsaya ka kalla: duk inda ya je ya kwanta, nan ne matattarar. Ni ban sayi babban famfo ba, ƙarami na ƙara a ƙasa yana hura bayan duwatsu, na kuma janye duwatsun daga jikin gilashi kamar faɗin yatsa uku.

Na uku, wanda ya fi yi mini wuyar haɗiya, shi ne in ɗaga abin da na yi wata shida ina saukarwa. Na cire GFO, na koma ciyar da kifi yadda ya kamata, har naitiret ya zauna wajen 5 ppm, wato kashi 5 cikin miliyan, fosfet wajen 0.05. Yawancin masu tankin murjani suna riƙe naitiret tsakanin 2 da 10, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1. In abinci bai ɗaga naitiret ba, ana ɗiga sodiyam naitiret kaɗan-kaɗan ana aunawa. Don fosfet kuwa nemi na'urar awo mai nuna lamba irin ta kamfanin Hanna, domin mai launi ba ta rarrabe 0.02 da sifili, ido ne kawai ke cewa fari ne. Wani zai zo ya ce maka sai ka daidaita naitiret da fosfet 16 da 1, lissafin wani masanin teku mai suna Redfield. Wannan a ƙananan halittun teku aka auna shi, kuma ƙwayoyin zarra yake ƙirgawa, ba lambar da ke kan kayan awonka ba. Kada ka wahalar da kanka, ka dai tabbata babu wanda ya faɗi sifili a cikin biyun.

Ruwan da kake haɗa gishiri da shi da wanda kake cikawa, ya zama na matatar RO/DI mai tsame duk abin da ya narke a ruwa, mitar TDS mai auna abin da ya rage kuma tana nuna 0. In ta fara nuna 2 ko 3, canza garin matatar. Haske kuma na rage farin, na mai da shi awa takwas, na kuma tare hasken taga da ke faɗa wa gefe ɗaya. In dogayen fitilun nan na T5 gare ka kuma sun haura shekara, lokacin canji ya yi. Rufe tanki ruf kwana uku yana kwantar da shi, murjani masu lafiya suna jurewa, amma hutu ne kawai yake ba ka, na yi sau biyu ya dawo. Katantanwa irin su serit da konc suna taimakawa wajen motsa yashi, sai dai kada ka saya da niyyar su cinye maka shi, yawanci kewaye shi suke yi.

Ban ce magani haramun ba ne. In ya fara lulluɓe murjani har nama yana mutuwa a ƙarƙashi, a yi amfani da shi a ceci rai. Magungunan kashe sayano irin su Chemiclean da eritiromaisin suna aiki, shi ya sa kake ganin tanki tas cikin kwana biyu. Amma ka fara zuƙe iyakar abin da za ka iya, ka cire gawayin tacewa, ka kashe fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ka cire kofin sikima, na'urar nan mai fitar da datti ta hanyar kumfa, ka bar ta tana aiki don za ta yi ta ambaliya, ka ƙara dutsen kumfa. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne: mataccen sayano yana ruɓewa ya cinye oksijin, da dare kuma ake asarar kifi. Bayan awa 48 a canza ruwa kashi 20 cikin 100. Abin lura, duk abin da yauƙin ya shanye, yana mutuwa ya sake shi cikin ruwa, datti kuma yana nan inda yake. Shi ya sa naka yake dawowa a mako na uku. Ka yi sau uku, na huɗu ba zai zo da sabon labari ba.

Wata takwas kuma tanki yaro ne, musamman in da busasshen dutse ka fara. Fuskar dutsen ba ta gama cika da masu zama ba, kowa na neman wuri. Da jar gansakuka mai tauri, koralin, ta fara mamaye duwatsuna, sai na ga sayano ya rasa wurin kamawa. Ni sai da na yi mako uku ina zuƙa kullum ban ga wani canji ba, har na kusa komawa kwalba. A na huɗu na lura ba ya komawa da kauri kamar da, a na bakwai ya rage ɗan tabo ɗaya a kusurwa. Har yau in na yi sakaci da safar tacewa, a wannan kusurwar yake leƙowa.

Kada ka yi duka a rana ɗaya. Fara da zuƙa da gyaran famfo a wannan makon, mako mai zuwa ka taɓa abinci da awo, don ka san wanne ya yi aiki. Ka turo mana hoton yashin a farin haske, ɗaya da sassafe ɗaya da yamma, da lambar TDS ɗinka, da zurfin yashin, da irin abin da kake auna fosfet da shi. In ka yi gwajin kwalbar nan ma ka faɗa mana ko ya haɗu ko bai haɗu ba.