Likita, Aikin Dare Ne Ke Neman Jawo Mini Ciwon Suga?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata shida ina aikin karɓa-karɓa, wani makon da rana, wani makon da dare. Ranar da na kwana a asibiti, barcin da nake samu bai fi awa huɗu ba, ga yara ga girki. Na yi ƙiba, kuma da misalin ƙarfe biyun dare sai yunwa ta taso mini, ba abin da raina ke so sai taliya da shayi mai madara ko lemon kwalba. Kwanan baya aka auna ni, aka ce sugana ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Wata abokiyar aikina ta ce akwai wata mai bincike a Amurka da ta gano ƙarancin barci na taɓa suga. Da gaske ne? Kuma yaya zan yi, tunda barin aikin ba zai yiwu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa, Allah ya saka da alheri.

Abokiyar aikinki ta faɗi gaskiya. Ina kyautata zaton Farfesa Eve Van Cauter take nufi, 'yar asalin Beljiyam da ta yi shekaru masu yawa a Jami'ar Shikago tana nazarin alaƙar barci da sinadaran jiki da muke kira homon. A 1999 ita da abokan aikinta suka tara samari 11 lafiyayyu, 'yan shekara 18 zuwa 27, suka taƙaita musu kwanciya zuwa awa 4 kacal har dare 6 a jere. Da aka zuba musu suga ta jijiya don a ga yadda jiki zai yi da shi, sai aka tarar saurin kwashe shi daga jini ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Samari ne masu jini a jika, amma cikin mako guda sakamakonsu ya koma kamar na dattawan da ke bakin kamuwa da ciwon suga. Da aka bar su suka yi ta kwanciyar awa 12 na wasu darare, abin ya gyaru. Ki riƙe wannan, domin nan ne labarin ya fi daɗi a gare ki.

Ita kuma yunwar ƙarfe biyun dare, a 2004 suka waiwaye ta. Homon biyu ne ke ja-in-ja a kan cin abinci: leptin, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki na da isasshen tanadi, da girelin, wanda ciki ke fitarwa yana kiran abinci. Bayan dare biyu na barcin awa 4, leptin ɗin samari 12 ya ragu da kashi 18, girelin ya ƙaru da kashi 28, idan aka kwatanta da lokacin da suka kwanta awa 10. Suka ce yunwarsu ta ƙaru, kuma kwaɗayinsu ya fi karkata ga kayan zaƙi da na gishiri da masu sitaci. Ga taliyarki da lemonki nan. Ina faɗin wannan ne saboda yana damuna yadda ake ɗora wa masu aikin dare laifin rashin kamun kai, alhali jikinsu ne ke turo musu saƙon yunwa da ƙarfi fiye da na wanda ya kwana a gadonsa.

Waɗannan gwaje-gwaje a kan maza kaɗan aka yi su, na 'yan kwanaki. Amma akwai bincike mai faɗi da ya shafe ki kai tsaye. A 2011 masana a Jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon bibiyar mata ma'aikatan jinya sama da 170,000 a Amurka, suka ga haɗarin ciwon suga yana ƙaruwa gwargwadon yawan shekarun da mace ta yi tana karɓa-karɓar dare, kuma wani ɓangare na haɗarin ta hanyar ƙiba yake shigowa.

Sai dai ke abu biyu ne suka haɗe miki: barcin ya yi kaɗan, kuma ba a lokacinsa ake yin sa ba. A can ƙasan ƙwaƙwalwa, dab da inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curi mai ƙwayoyi kimanin 20,000. Shi ne babban agogon jiki. Idan aka raba mutum da rana da agogon bango, wannan agogon yakan ci gaba da juyawa da kansa a kan awa 24 da kusan minti 11, kamar yadda Charles Czeisler ya auna a 1999; hasken safiya ne ke saita shi kullum. Da dare yana ba da umarni a saki melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki duhu ya yi. Gab da asuba kuma sai kotisol ya fara hawa don shirya mutum ya tashi. Hanta da hanji da pankiriyas, wato gaɓar da ke fitar da insulin mai kwashe suga daga jini, kowacce na da nata ƙaramin agogon. Gano yadda wannan agogo ke aiki a cikin ƙwayar halitta ne ya sa aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017, kuma da ƙananan ƙudaje suka yi aikin.

To ki duba abin da ke faruwa da ke. Ƙarfe biyun dare idonki biyu, kina ba da magani, amma pankiriyas ɗinki na lissafin cewa dare ne, ta rage aiki. Kwanon taliyar da jiki zai iya da shi cikin sauƙi da hantsi, a wannan sa'a sai suga ya daɗe yana yawo a jini. Da safe kuma kin koma gida za ki kwanta daidai lokacin da kotisol ya hau, melatonin ya sauka, rana ta take. Shi ya sa barcin ke yankewa bayan awa huɗu ko da yara ba su tashe ki ba. Mai karɓa-karɓa irin taki, kafin agogon ya fara sabawa an sake juya shi.

Abin da na fi so ki fara gyarawa shi ne lokacin cin abinci, domin shi ne a hannunki. A 2021 rukunin Frank Scheer a Boston suka sa mutane aikin dare na gwaji: waɗanda suka riƙa ci dare da rana sugansu ya hau, waɗanda aka tsare wa abinci da rana kaɗai nasu bai hau ba. Don haka ki ci abincinki mai nauyi kafin ki fita, tuwo ne ko shinkafa da wake. Daga sha biyun dare zuwa asuba ki tsaya a kan ruwa, in yunwa ta matsa ki ɗan ci gyaɗa ko dafaffen ƙwai. Lemon kwalba ki bar shi gaba ɗaya. Shayi da kofi da goro a farkon dare kawai, saboda rabin sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikinsu yana nan a jini bayan kamar awa biyar.

Barcin ranarki kuma sai an tsare shi kamar yadda ake tsare na mara lafiya. Ki zauna da maigida da mutanen gida ki yi musu bayani, a samu mai riƙe yara da girkin rana a makon da kike dare. Labule mai kauri, ɗaki mai sanyi gwargwadon hali, waya a kashe. Idan awa bakwai a haɗe ba ta samuwa, ki raba biyu: huɗu ko biyar da safe, sannan ƙailula kafin fita aiki. Magungunan barci irin su diazepam, na san suna kusa da hannunki a wurin aiki; don Allah kada ki fara. Idan ana ce miki kina minshari mai ƙarfi ko numfashinki na tsayawa cikin barci, ki gaya wa likitanki, wannan ma kan tayar da suga da hawan jini.

Bayan wata uku ki yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na watanni biyu zuwa uku. Daga 5.7 zuwa 6.4 bakin ciwo ne, 6.5 zuwa sama ciwon suga ne. Idan kina da sikila ko ƙarancin jini ki faɗa musu tun kafin a ɗiba, domin sukan karkatar da sakamakon, sai a haɗa miki da awon suga na safe kafin karin kumallo. In kuma lambar ta ci gaba da hawa duk da wannan gyara, ki ɗauki takardar sakamakon ki kai wa shugabarku ki nemi a rage miki yawan dararen da kike yi a jere.