Kabewa a cikin salak, da gaske ana yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min da shawara. Likita ya ce maigida ya rage maiƙo da gishiri saboda hawan jini, ya dinga cin ganye sosai, shi kuma in ba salak mai kirim da waken gwangwani ba ko kallo ba ya yi. Ga shi kaka ta yi an aiko mana kabewa har uku daga ƙauye, ni kuma miyar taushe kawai na iya da ita har yara sun fara ƙorafi. Ƙanwata ta ce wai ana gasa kabewa a sa a salak, da gaske ne? Daga 'yar'uwarku a Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Ƙanwarki gaskiya ta faɗa, kuma kar ki ɗauke shi wani baƙon girki, kusan kwaɗonmu ne na zogale aka ƙara masa kabewa.

Abin da zan roƙe ki shi ne kar ki dafa ta da ruwa, in kin dafa za ta yi laɓo-laɓo ta dame cikin ganyen. Ki zaɓi wadda ta nuna sosai, mai jan ciki, ki fere ki yanka ƙanana kamar yankan doyar suya, ki zuba man gyaɗa cokali ɗaya kacal da ɗan barkono da citta ki cakuɗa da hannu. In kina da oven ki sa a digiri 200 na Celsius na minti 25 zuwa 30, ki juya sau ɗaya a tsakiya. In babu, ko an ɗauke wuta, ni kasko mai kauri nake ɗorawa kan gawayin da wutarsa ta lafa, in jera su ɗaiɗai kar su hau kan juna, in rufe, in dinga leƙawa har gefensu ya yi ruwan ƙasa ya ɗan kama, wallahi wannan ɗan kamun shi ne daɗin, nan zaƙin kabewar yake fitowa har ki ji ƙamshi ya cika tsakar gida. Cokali mai yatsu ya shige amma ba ta farfashe ba, to ta yi, ki sauke ta sha iska.

Ganye kuwa yanzu zogale na nan ɗanye shar, ki tafasa shi ki matse ruwan sosai. Latas sai sanyi ya shigo yake yawa, in masu lambun Dadin Kowa sun fara kawowa, in kin samu ki wanke ganye-ganye da ruwa mai tsafta da ɗan gishiri ki ɗauraye, don ƙasa na maƙalewa a gindinsa. Alayyahu ma ya yi, minti biyu a ruwan zafi ya ishe shi. Sai albasa da tumatur da kokwamba.

Maimakon kirim, ki daka ƙuli-ƙuli kamar guda huɗu, ki matse lemun tsami ɗaya, ki sa ɗan ruwa ki dama ya yi kauri. Kar ki ƙara gishiri ko Maggi sai kin ɗanɗana, ƙuli yawanci da gishirinsa yake zuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kar ya kai giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi kenan, duk abincin ranar gaba ɗaya fa. Ɗan man nan kuma kar ki cire shi kwata-kwata, jan da kike gani a kabewa shi jiki ke mayarwa bitamin A, kuma sai da ɗan maiƙo yake shiga jiki da kyau. Lemun tsamin shi ma yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe na cikin ganyen.

Ki haɗa dab da za a ci, kabewar a ƙarshe tana ɗumi-ɗumi, ki juya a hankali. Ranar farko ki ba shi kaɗan a gefen shinkafa tukuna. Maganinsa dai ya ci gaba da sha yadda likita ya ce, dan Allah.

'Ya'yan kabewar ma kar ki zubar, ki wanke ki shanya kwana biyu, ki soya a busasshen kasko ki ɓare ki barbaɗa a kai.