Man jirgin sama zai ƙara wa motata gudu?

Tambaya: Ina da BMW mai turbo da aka shigo da ita daga Amurka, an rubuta 91 a murfin tankinta. Abokina ya ce in riƙa sirka fetur da man ƙananan jiragen sama, wai yana da dalma, ya fi ƙarfi. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka kuskura ka zuba shi.

Wannan 91 lambar oktan ce, kuma lambar oktan ba ƙarfin mai take nunawa ba. Tana nuna irin matsin da mai zai jure kafin ya kama da kansa. Injin mai turbo yana matse iska da mai sosai, zafi ya yi yawa. Idan man bai da juriya, wani sashensa sai ya fashe kafin wutar fulogi ta iso gare shi, ka ji kas-kas lokacin hawa tudu. Wannan ƙarar, in ta daɗe, tana cin fistan. Motarka tana da sensa mai jin ƙarar, sai kwamfuta ta jinkirta wuta don kare injin, kai kuma ka ji mota ta yi sanyin jiki. Ba ta man da ya kai lambarta, ƙarfinta ya dawo. Abin da ya haura haka da yawa, asarar kuɗi ne.

Lura da wani abu da ke ruɗa masu motocin Amurka: ma'auninsu daban ne da namu. 91 ɗinsu ya yi daidai da wajen 95 a ma'aunin RON da Turai da Najeriya ke bi. To 95 za ka nema.

Dalma kuwa, a 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano tana hana wannan fashewa, aka fara sayar da man a 1923. Tana kuma kare mazaunin bawul a tsofaffin injuna, shi ya sa manyan kanikawa ke yabonta har yau. Amma motarka ba ta wancan zamani ba ce. Dalma tana kashe katalis, matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ta lalata sensar iskar oksijin, ta dasƙare a kan fulogi. Man jirgin da abokinka ke nufi, 100LL, yana ɗauke da ita har kusan rabin giram a kowace lita.

Abin da ya fi damuna shi ne hayaƙin. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa. Irin gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a wuraren haƙar zinare na Zamfara a 2010 ke nan. Amurka ta haramta ta a motocin titi a 1996, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021, tseren motoci na NASCAR a Amurka ma ya daina amfani da ita.

Idan 95 ya gagara samu, rage take totur da tsakar rana, ka sa bakanike ya duba fulogi da na'urar sanyaya injin.