Ƙibar ƙanwarki: me ke hannunta, me ba ya hannunta, kuma me ke kanku

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ƙanwarki shekararta 32, haihuwarta uku, tsawonta mita 1.62, nauyinta ya kai kilo 94, gwiwa ta fara damunta, kuma an ce jininta ya ɗan hau. A gida an laƙaba mata Lukuta, maigidanta yana yi mata gori a gaban yara, har ta daina zuwa biki da suna. Kina tambaya ko laifinta ne, da kuma ko a ci gaba da tsokanarta, kamar yadda wasu suka ba ki shawara, don ta ji zafi ta rage.

Don Allah a daina tsokanar tun yau. Gori ba ya rage ƙiba, ƙara ta yake yi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya bi mutum sama da 6,000 na tsawon shekara huɗu. Waɗanda ake tsangwama saboda jikinsu sun ninka sauran sau biyu da rabi wajen faɗawa cikin ƙiba, masu ƙibar da ake tsangwama kuma sun ninka sau uku wajen kasa fita daga cikinta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Macen da ake ƙirga mata loma takan daina ci a gaban mutane, ta wuni da yunwa, da dare kowa ya kwanta ta ci abin da ya fi na rana. Ba za ta fita tattaki ba don kada yaran layi su yi mata waƙa. Asibiti ma sai ta riƙa guje masa, saboda ta san za a ɗora ta a sikeli a faɗi lambar da ƙarfi a gaban layi. Duk abin da zai taimake ta, gorin ya toshe hanyarsa.

Ko da a ce gori yana aiki, ba mu da izinin yin sa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana mata yi wa mata izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabi, kuma ba ta ware mai teɓa ba. Da sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurin Abdullahi bin Mas'ud, Annabi (SAW) ya gaya musu cewa ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Mutuncinta haƙƙinta ne a kilo 94, ba lada ba ne da za a ba ta idan ta koma 70.

Sai kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya a kan yadda aka zo nan. Mu ne idan amarya ta yi wata uku muke cewa ta murje, hutu ya karɓe ta, idan kuwa ba ta ciko ba a fara tambayar ko miji ba ya ciyar da ita. Mu ne muke ɗura wa mai jego kunun kanwa da gasasshen nama kwana arba'in tana zaune a ɗaki. Jego uku a jere, kowanne ya bar mata kilo biyar ko shida da ba su sauka ba kafin wani cikin ya shiga, lissafin ya fito. Bai dace gidan da ya yi murna da kilo goman farko ya koma zagi a kan na ƙarshe ba.

Batun laifi kuwa, a raba shi biyu. Akwai abin da ba ita ta zaɓa ba. Binciken tagwaye ya nuna gado yana da kaso kusan 40 zuwa 70 cikin ɗari na bambancin nauyi tsakanin mutane. A Kanada an taɓa tara tagwaye maza, haihuwa 12, wato mutum 24, aka ƙara wa kowa kalori 1,000 (kalori ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki ne) a kan abincinsa, kwana shida a mako, na kwana 100. Abinci ɗaya, zama ɗaya, amma wani ya ƙara kilo huɗu, wani kilo goma sha uku. Shi ya sa za ki ga 'yan gida ɗaya suna cin tukunya ɗaya, wata kamar sillan kara, wata tana cika. Bayan haka jiki yana kare kitsen da ya tara: idan nauyi ya sauka, sinadarin da ke sa yunwa yana ƙaruwa, na ƙoshi yana raguwa, kuma an ga hakan yana nan ko bayan shekara guda. Wadda ta rage ta sake komawa ba ragwanci ta yi ba, da jikinta take kokawa. Ba ita kaɗai ba ce kuma; Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba. Abin da ke hannunta shi ne abin da take sha, girman malmala, motsa jiki, barci, da zuwa asibiti. A kan waɗannan za a yi maganar alhaki, ba a kan lambar sikeli ba. Kuma rabin waɗannan ma suna hannun mai cefane.

Kafin a taɓa abincinta, a bincika abin da take haɗiya da abin da take shafawa. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Ki tambaye ta a keɓe ko ta taɓa shan sha-ka-fashe, ko haɗin ƙarin hips da ake tallatawa. Galibi deksa ce a ciki, wato dexamethasone, magani mai ƙarfi na rukunin sitiroyid, ko Periactin mai buɗe ciki. Alamar deksa a bayyane take: fuska ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da ƙeya, hannu da ƙafa su sirance, ja-jan layuka su fito a ciki, suga da jini su hau. Man bilicin mai sitiroyid ma yana ratsa fata ya yi irin wannan ɓarnar idan an daɗe ana shafawa. Idan ta daɗe tana shan deksa, kada ta yanke rana ɗaya, domin jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin mai kama da ita, yankewa farat ɗaya na iya kayar da ita. Likita ne zai rage mata a hankali. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana ƙara wa wasu mata nauyi, haka insulin da wasu magungunan farfaɗiya da na damuwa. Waɗannan ma ba a dainawa da ka, a koma wa wanda ya rubuta a nemi sauyi. Idan al'adarta na tsallake watanni ga gashi a haɓa, a duba matsalar ƙwan mace da ake kira PCOS. Idan kasala ce da jin sanyi da bushewar fata da taurin bayan gida, a yi gwajin tayirod, wato halittar da ke gaban wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci.

Sai awo. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo: 1.62 sau 1.62 ya ba da 2.62, a raba 94 da shi, ya fito kusan 36. Daga 30 ake kiran sa ƙiba, saboda haka damuwarki tana kan hanya. Amma tef ɗin tela ya fi sikeli faɗin gaskiya, don kitsen ciki ne ya fi jawo suga da ciwon zuciya. A auna tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, tana tsaye, bayan ta sauke numfashi, ba tare da matsewa ba. Ga mace haɗari yana farawa daga santimita 80, yana ƙaruwa sosai daga 88. A yi gwajin suga da safe kafin karin kumallo. Sakamakon 126 ko sama a ma'aunin mg/dL, idan aka maimaita ya tabbata, ciwon suga ne. Wajen awon jini ku lura da abu ɗaya: idan ƙyallen da ake ɗaurawa ya yi wa damtsenta kaɗan, na'urar za ta nuna jinin ya fi yadda yake hawa. Ku nemi babba, a auna bayan ta zauna minti biyar, a ranaku daban-daban, kafin a yanke cewa hawan jini ne.

Kada a sa mata burin komawa jikin 'yan matanci. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta, wato kilo biyar zuwa tara cikin wata shida, ya isa a ga sauƙi a jini da suga da gwiwa. A wani babban gwaji na Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2002, masu haɗarin kamuwa da suga da aka ɗora a kan rage kashi 7 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau.

A abinci, a fara da abin sha, don shi ne ke shiga ba tare da an ƙoshi ba. Ƙaramar kwalbar lemo tana da sukari kusan cokalin shayi tara, alhali iyakar da aka shawarta a wuni duka cokali 12 ne, shida ma ya fi. Ki haɗa da shayin safe mai cokali uku da madarar gwangwani, zoɓon rana, fura da aka zuba wa sukari, za ki ga an ninka iyakar kafin la'asar. Ba sai ta daina zoɓo ko fura ba. A rage sukarin rabi na mako biyu, sannan a sake rabawa. Harshe yana sabawa. Zuma da mazarƙwaila ba mafita ba ne, su ma sukari ne.

Na biyu mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, kuma yawancinmu daga galan muke tuttulawa. A koma aunawa da cokali, kamar cokali ɗaya a kan kowane mutum a tukunya, a kwashe wanda ya taso saman miya. Alale maimakon ƙosai, awara a cikin miya maimakon soyayya, ɗanwake da mai cokali ɗaya. Na uku faranti. Rabi ganye: zogale, rama, alayyafo, kabeji, lansir, yalo. Kwata wake, kifi, ƙwai ko nama. Kwatan da ya rage tuwo ko shinkafa, malmala kamar dunƙulen hannunta, a yawaita miyar kuka ko kuɓewa. Tuwon dawa da gero da ba a surfe su sosai ba sun fi riƙe ciki. Ta riƙa zuba nata a faranti daban, domin a tire na taron gida ba wanda ya san iyakar abin da ya ci. Uwa mai yara uku kuma tana da wani ci da ba ta lissafawa, wato sauran abincin yara da take ƙarasawa don kada a zubar. A rage musu zubi tun farko. Saboda jinin, gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a wuni, har da na cikin dunƙulen miya, kanwa kuma a yi nesa da ita. Hadisin Tirmizi na kason ciki uku, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, ga kowa a gidan yake, siriri da mai jiki.

Da wannan gwiwar kada ta fara da tsallen igiya ko gudu. Tafiya da ɗan sauri, yadda za ta iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga, minti goma bayan kowane cin abinci, ko da zagayen tsakar gida ne. Sau uku a rana, kwana biyar, minti 150 ke nan. Takalmi mai laushin ƙasa, ba silifas ba. Ta ƙara da tashi da zama daga kujera sau goma, zubi biyu, don ƙarfafa cinya, shi ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Barci awa bakwai, don ƙarancinsa yana ƙara yunwa. Idan tana minshari mai ƙarfi har numfashi na yankewa, ga gyangyaɗin rana, a gaya wa likita.

Inda aka fi zamewa shi ne gaggawa. Yawancin shayin rage ƙiba filasko ne ko maganin sa fitsari. Kilo biyun da ke sauka a mako ruwa ne, zai dawo, a bar ta da jiri da wahalar ƙoda. Belin matse ciki da ruwan zafi da lemun tsami ba sa narka kitse. Horon yunwa kuma, a wuni a kan kokwamba, yana cin tsoka tare da kitse, ba ya ɗorewa, sai a dawo da ci fiye da da. Alluran da ake rage ƙiba da su, irin su Ozempic, suna aiki da gaske, amma da tsada, suna sa tashin zuciya, ba a yin su da ciki, yawancin nauyin yana dawowa idan an daina, kuma akwai jabu a kasuwa. Ba abin saye a intanet ba ne.

Yanzu ke. Kada ki fara da jikinta, ta fi ki sanin girmansa. Ki same ta ku biyu, ba yara ba kishiya, ki ce mata: "Ƙanwata, maganar gwiwar nan da jinin ce ta tsaya min a rai. Kina so mu je asibiti tare?" Idan ta ce ba yanzu ba, ki ƙyale, ki sake tuntuɓa bayan mako biyu. Idan ta yarda, ki yi tafiyar tare da ita, ki rage naki sukarin. Kada ki zama mai gadin farantinta. Duk wanda ya kira ta da sunan nan a gabanki, ki gyara masa nan take, ki kira sunanta na yanka. Yaran gidan suna ji, kuma 'ya'yanta mata suna koyon yadda za su kalli nasu jikin.

Maigidan, a samu wanda yake jin nauyinsa, wansa ko kawunsa, ya zauna da shi. A tuna masa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, abin da ya ce kawai shi ne wannan ramuwar waccan ce. A gaya masa abin da ake so a fili: ya daina shigo da katan ɗin lemo da tsiren sha ɗayan dare, ya ƙara kuɗin ganye da wake da kifi, ya ba ta izinin fita tattaki ko ya raka ta bayan asuba, ya biya kuɗin gwaje-gwajen.

Sikeli sau ɗaya a mako ya isa, da safe, rana ɗaya, kaya iri ɗaya, kuma ita kaɗai za ta ga lambar sai in ta so nunawa. Kwanakin al'ada nauyi kan ƙaru da kilo ɗaya ko biyu na ruwa, kada ya karya mata gwiwa. Wajen wata na huɗu zuwa na shida saukar takan tsaya. Ba lalacewa ba ce, jiki ne ya daidaita da sabon cin. A lokacin sai a sake auna ƙugu da jini da suga, a kai wa likita sakamakon tare da na farko. Amma ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ciwon ƙirji, kumburin ƙafa da haki, ko yawan fitsari da ƙishirwa, waɗannan ba sa jiran wata shida, a kai ta asibiti a ranar. Allah Ya ba ta lafiya, Ya saka miki da alheri.