Inshorar tirela ga mai tuƙa motarsa da kansa

Malam, ka tambaya wace inshora za ka yanka tunda ka sayi tirela a Amurka kana tuƙawa da kanka. Ya danganta da sunan wa kake ɗaukar kaya. In da lasisin jigilar kaya na kanka ne, FMCSA, hukumar Amurka mai kula da manyan motocin sufuri, tana wajabta inshorar aƙalla dala 750,000 ta biyan diyyar wanda ka yi wa ɓarna, amma yawancin dillalan kaya miliyan 1 suke nema. In kana ƙarƙashin kamfani, inshorar kamfanin tana kare ka ne lokacin aikinsu kawai. Ka kwance bodi ka nufi gida da kan motar, ka bugi wani, aljihunka ne zai ji jiki, sai in ka yanki wadda ake kira bobtail. Kayan da ka ɗauko ma inshorarsu daban ce.