Amsa ga ƙanina mai shirin zuwa karatu Paris, a kan gidajen cin abinci marasa nama

Assalamu alaikum, ƙanina. Saƙonka ya iso, kuma na ga tambayar da kusan kowane ɗalibi daga Garwa yake aiko mini da zarar takardarsa ta fito. Ka ce Inna ta damu da maganar halal, wani kuma ya kwantar mata da hankali da cewa a Paris akwai gidajen abinci da ba a dafa nama, saboda haka in rubuto maka sunayensu ka riƙa ci a can. Wanda ya ba ku wannan shawara bai taɓa biyan kuɗin kwano ɗaya a cikinsu ba.

A gida, miyar da babu nama alamar aljihu ya bushe ce, amma a nan masu hali ne suke zaɓen barin nama, kuma su ake buɗe wa waɗannan wurare. Kwanon wake da ganye da 'yar shinkafa yakan kai yuro 15, wato kusan sefa 10,000, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kuma za ka tashi cikinka yana neman ƙari. Akwai masu barin nama kaɗai amma suna cin ƙwai da madara, akwai kuma 'yan vegan waɗanda ko zuma ba sa taɓawa.

Sa'an nan rashin nama bai sa abinci ya zama halal ba. Na yi wanke-wanke a ɗakin girkin wani irin wannan gida a shekarun karatuna, kuma da idona na ga mai dafuwa yana tuttula farar giya a tukunyar shinkafa kafin ya zuba romon ganye, domin haka suke girkinsu, ba su kuma ga dalilin rubuta shi a takardar abinci ba. Dole ka buɗe baki ka tambaya, ko da mai kawo abincin zai dube ka sheƙeƙe. A gidan nan ne kuma wata abokiyar aiki, da ta ji na nemi hutun Babbar Salla, ta tsayar da ni gaban mutane tana yi mini wa'azi a kan zaluntar raguna, ni da na taso ina kai tumakin Baba kiwo bakin Binuwai, ita kuwa ba ta taɓa ba akuya dusa ba. Na haɗiye maganar saboda ina bukatar aikin, amma har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Ba dukansu ne haka ba, sai dai ka shirya wa irinta.

Maganar kantunan da ake kira bio ta fi rikita baƙo. Tambarin AB na Faransa da koren ganyen nan mai taurari na Tarayyar Turai da ake manna wa kayansu suna nufin an noma abin ba da takin zamani ko maganin feshi na masana'anta ba, ba ruwansu da maganar halal. A kantuna irin su Biocoop za ka tarar da naman alade da giya ɗauke da wannan tambari. Hasali ma, a 2019 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa naman dabbar da aka yanka ba tare da an sumar da ita ba, ba zai ɗauki tambarin ba. Abin da ya fi ba ni mamaki a waɗannan kantuna shi ne garin zogale da garin 'ya'yan kuka a 'yan ƙananan ledoji masu ado, ana sayar da su da tsadar magani, alhali zogalen nan shi ne shingen gidanmu a Yelwa. Kasuwar bio ta titin Raspail da ke ci ranar Lahadi, da ta Batignolles ranar Asabar, ka je ka ba idonka abinci, amma kada ka je da niyyar cefane.

Inda na samu sauƙi shi ne gidajen abincin ɗalibai na CROUS, inda a zamanin da nake ci cikakken abinci yake yuro 3.30, kuma ana samun kwano marar nama. Idan ka gaji da shi, ka hau metro, wato jirgin ƙasa na cikin birni, ka sauka a La Chapelle kusa da tashar Gare du Nord, ka bi titin Cail, inda Tamilawa, mutanen Sri Lanka da kudancin Indiya, suke da gidajen abinci marasa nama da talaka zai iya shiga. Suna ba da shinkafa da miyar wake iri-iri mai yaji, da wata faffaɗar waina da ake kira dosa, kuma a can kaɗai na taɓa cin abinci marar nama na ƙoshi har na yi gyatsa.

Sauran ranaku kuwa tukunyarka ce za ta riƙe ka. Na gama digirina ban ci bashin kowa ba saboda na koyi tuƙa tuwo a ɗaki mai faɗin tabarma uku. A Château Rouge, kan layin metro na 4, kasuwar Dejean tana da kuɓewa da rogo da manja da busasshen kifi, ga mahautan Musulmi a kewaye. Ka roƙi Inna ta koya maka miyar yakuwa da ta kuka kafin ka taso, ta kuma ɗaure maka garin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Kilishi kam kada ka sa shi a jaka, domin doka ta hana matafiyi shigo da nama daga wajen Tarayyar Turai, kuma idan jami'an kwastan suka gan shi za su ƙwace. Ka gaida Inna da Baba, ka kuma sanar da ni ranar da jirginka zai sauka.